Ƙorafi Kan Hoton Mai Tsaga Da Aka Liƙa A Kasuwanni

Isufu Halilu, direban mota,
Birnin Ƙonni.
14 ga Mayu, 2007.

Zuwa ga Mai Girma Perefe, shugaban gunduma,
Birnin Ƙonni.

Game da: zanen ɗiyata Wasila da aka buga ba da saninta ba, da hatsarin da ya jefa ta ciki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina kawo kukana gabanka kamar haka:

1. Wasila tana koyon zane da tsara hotuna da kwamfuta a cibiyar Malam Ubaidullahi. A watan Fabrairu ya ba ɗalibai aikin gwaji: labari cikin hotuna kan illar gurɓataccen magani, yadda wanda bai yi karatun boko a lakwal ba zai gane. Ya ce fuskokin su yi kama da na mutanen ƙasa. Ta zana mutum yana miƙa wa uwa magani, yaro ya sha, hoto na ƙarshe kabari. A kumatun mutumin ta sa wata tsaga da ta taɓa gani a kasuwa ta burge ta.

2. Mu asalinmu fatake ne daga ƙetaren iyaka, gidanmu ba a tsaga. Yarinyar ba ta san cewa wannan tsagar ta zuri'a ɗaya ce kaɗai a Badagishiri ba, kuma sana'arsu tun kakanni ba da magani.

3. Ranar 2 ga Afrilu, Malam Ubaidullahi ya miƙa zanen ga wata ƙungiya, aka buga, aka liƙa daga Malbaza har Illela, da sunan Wasila a ƙasa. Ko sallama bai yi mana ba. An rubuta da Faransanci cewa labarin ƙirƙira ne, to amma wa ya karanta? Mutane tsaga suka gani, suka ga kabari.

4. Ranar 6 ga Mayu aka jefi dattijon wannan zuri'a mai tsaga, Na'Allah, a tsakiyar kasuwa, ana kiransa mai kashe 'ya'yan mutane. Yana kwance asibiti, bai san wanda ke kansa ba. 'Ya'yansa sun zo tasha suna tambayar gidana. A duk takardar da na duba a hanya, an sa reza an yanke sunan ɗiyata an tafi da shi. Ranka ya daɗe, ka san inda ake kai suna a ƙasar nan: wurin bokaye. Wallahi tsoro nake ji. Uwarta ta daina cin abinci, ni kuma na ajiye mota, na zauna gadin ƙofa.

5. Na je buron Malam Ubaidullahi, wato ofishinsa, ya ce wadda ta zana ita ke da amsa, ya juya ga kwamfutarsa.

Saboda haka ina roƙon a cire takardun nan, a sa mai shela ya wanke Na'Allah a kowace kasuwa, a kira Malam Ubaidullahi ya yi bayani gaban iyalin Na'Allah, jandarma kuma su sa ido kan gidana. Ina roƙon a gaggauta tun dattijon yana numfashi. In ya cika, babu wanda zai tambayi wa ya buga, sunan Wasila kaɗai ke hannunsu.

Allah ya ja zamaninka.

Talakanka mai biyayya,
Isufu Halilu