Kada Ka Kankare Kakin Bana

Zuwa ga Yamil, mijina, sanyin idona, ruwan dutsen da bai taɓa gurɓata ba, inuwar da na zaɓa tun ina yarinya kuma ban taɓa neman wata ba,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a can Andorra ta ƙasar Turai, kana koya wa 'ya'yan mutane zamiya a kan dusar ƙanƙara kamar yadda ka saba. Nan Bariloche, a kudancin Ajantina, bazara ce. Na san ka sani, amma a kalanda kawai ka san ta, shi ya sa nake faɗa maka. Furannin amancay sun rufe gindin itatuwa, rana ba ta faɗuwa sai ta ga dama, bishiyar cerin bayan gida ta yi 'ya'ya har rassanta suna taɓa rufin rumfar kekuna. Tsuntsaye ne suka cinye. Ban kore su ba.

Ya hasken gidana, ka san ni da tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Na ɗauki alƙalami zan rubuta cewa kewarka na cin zuciyata, sai na tsaya na duba zuciyar, don kada in yi maka ƙarya ko da ta soyayya ce. Ban tarar da komai yana cin ta ba. Shiru ne kawai, fari fat, irin na filin zamiya bayan kowa ya sauka. Ran da na raka ka tasha ban yi kuka ba. Na dawo na shanya wanki. Maƙwabciyarmu Doña Herminia ta leƙo ta katanga ta ce, "Baturkiya, an sake tafiya ke nan? Tsuntsayen duniya zafi suke bi, naki shi sanyi yake bi! Ki ɗaure shi a ƙafar gado mana." Ka san su, duk jikan Larabawa Baturke ne a bakinsu. Na yi mata murmushi saboda haƙƙin maƙwabtaka.

Jiya na shiga gandun daji ni kaɗai, na bi hanyar da ta tashi daga Tafkin Gutiérrez ta hau dutse. Na je ne in ga ko wani abu zai taɓa ni. Tafkin yana nan shuɗi kamar an wanke sama an shanya a ƙasa, matasa na wucewa a kan kekuna suna ihu, ni kuwa ina kallonsu kamar ta bayan gilashi. A bakin rafi na haɗu da abokinka Don Eusebio, mai gadin gandun. Ya dube ni ya ce, "Doña Zulema, ke mutum ce ko kututture? Dubi hannunki!" Na duba. Manyan ƙudajen nan masu cizo sun zauna mini a damtse, jini har gwiwar hannu. Wallahi ban ji ba. Ya kore su da hularsa ya ce, "Ina maigidan? Har yanzu yana can yana tsince Turawa daga cikin ƙanƙara?" Na ce yana can.

Ka tuna bazarar da ka koya mini keke a bakin wannan tafkin, ya abin ƙaunata? Ka riƙe sirdin kana gudu a bayana, kana rantsuwa ba za ka saki ba, ka kuwa saki. Na faɗa cikin ƙayar furen daji ina kururuwa kamar an yanka ni. Ka zaunar da ni a kan dutse kana cire ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, kana cewa, "Haba tsohuwata, mutanen Chile da ke bayan duwatsun can ma sun ji ki!" Ko furfura ɗaya ba ni da ita a lokacin. Ƙaya 'yar mitsitsiya ta sa ni kuka a ranar. Ina matar nan ta tafi? Wa ya ɗauke ta bai gaya mini ba? Waccan ce bazararmu ta ƙarshe, daga ita ka fara bin sanyi daga wannan gefen duniya zuwa wancan. Tun daga nan ban sake ganin fuskarka da launi ɗaya ba, kullum zagayen idanunka fari ne saboda tabarau, sauran kuwa rana da iska sun ƙone.

Kakana, Allah ya jiƙansa, a bayan kantinsa ya koya mana karatu. Akwai 'yar gajeriyar surar da ta ambaci fatake masu tafiya biyu, ta sanyi da ta zafi. Ina karanta ta a sallah sai ka faɗo mini a rai, in yi istigfari in ci gaba. Su ma an ba su zafi, Yamil. Kai taka ta sanyi ce, sau biyu.

Ba na raina abin da ka yi mana, Allah ya sani. Da guminka aka rufa gidan nan, da shi 'yarmu Soraya ta gama karatu. Amma ta gama, rufin kuma ba ya yoyo.

Ga abin da nake roƙo. Idan ƙanƙara ta narke a nan cikin Oktoba, na ga yadda abokan aikinka ke yi. Su narka kaki da dutsen guga, su shafe katakon zamiyarsu da shi da kauri, kuma ba sa kankarewa. Haka suke jingine shi a lungu, ya yi barcinsa cikin kaki har sanyi ya dawo. Kai kuwa kana shafawa ka kankare ƙal don ya shirya zamiya, ka zura a jakar tafiya. Ƙarar makankarar nan ita ce sallamarka a wurina, ni ce kuma mai share ɓarɓashin. Ban taɓa ganin katakonka ya yi barci ba.

Na san kafin ka taso mai wurin da kake aiki a can zai tambaye ku wa zai dawo baɗi. Na kuma san kai ba ka saɓa alkawari. To don Allah, ya rabin raina, kada ka ba shi. Ka ce sai ka yi shawara da gida. Na sayo kaki, na ajiye maka a kan teburin aikinka kusa da tsohon dutsen gugar. Na hura tayoyin kekunanmu biyu.

Kai ka koya mini, lokacin da kake duba hannun ɗalibanka a kan dutse, cewa yatsan da ke zafi saboda sanyi ba abin tsoro ba ne, wanda ya daina zafin shi ne ake saukowa da mai shi da gaggawa. Yamil, na daina jin zafi. Ka sauko da ni.

Ko ka zauna ko ka koma, ni taka ce, ba zan juya fuskata ga wani ba har a rufe ni da ƙasar nan. Wannan na tabbatar da shi, shi ya sa na rubuta.

Matarka, mai riƙe da amanarka a sanyi da zafi,
Zulema