Na Ce Ban San Shi Ba

Rana ta talatin da uku a hanya

Maman 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da Inna. Ina fatan gwiwar Inna ta yi sauƙi, kuma 'yan biyu ba su mayar min da shago filin ƙwallo ba.

Mu ma muna lafiya. Ranar Litinin muka ƙetare iyaka ta uku. Jami'in da ke wurin bai wani duba fasfo ba, kekunanmu ya yi ta zagayawa yana ƙirga ƙafafuwa, har sai da ya kishingiɗa a kujerar nawa aka ɗauke shi hoto. Kin tuna mitar da kika yi ta yi lokacin da nake waldarsu a bayan shago? To ga shi har yau ko ƙusa ɗaya ba ta kwance ba.

Yayanki yana nan yadda kika san shi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu a kan keke ba zai yarda da waya ba. Ya ce amfaninta ɗaya, a ce muna raye, sauran magana sai a takarda. Duk garin da muka shiga, kan sarki yake fara saya kafin burodi. Tun da ciwon nan ya shanye masa ɓarin hagu yake cewa ƙafa biyu ta yaudare shi, amma ƙafa uku ba ta kayar da mutum komai sanyin tafiyarsa. Shi kuwa ya riƙe wannan magana da gaske. A wani hawa, wata tsohuwa da kwando a hannu ta wuce mu da ƙafa, har ta juyo ta ɗaga mana hannu. Ni wurina bayansa ne kullum, tunda famfo da faci da sufana suna jakata. Kin sha jin ina faɗa wa masu sayen keke: mai kayan gyara ba ya shiga gaba.

Na san ya kira ki shekaranjiya ya gaya miki tayarsa ta yi faci a kan dutse, ya ƙaraso gari a motar madara. Na ji yana ce miki shi ya tura ni gaba in nema mana masauki. Kada ki damu, rana ce ta ƙona masa wuya, sai tafin hannun dama da ya ɗan saluɓe. Yana cin abinci sosai. Ni ne dai abincin ba ya shiga.

Akwai sauran bayani, amma biron nan yana ba ni wahala. Ki gaishe da kowa.

Naki,
Baban 'yan biyu


Rana ta talatin da biyar a hanya

Maman 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da yara, Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Wannan kada ki karanta a gaban kowa.

Lafiyar biro ƙalau. Bakina ne ya yi nauyi, har a takarda. Abin da Yaya ya gaya miki a waya rufin asiri ne ya yi min. Bai tura ni ko'ina ba.

Ranar nan hawa ne na kilomita goma sha huɗu. Tun hantsi muke rarrafe, ina bayansa ina kallon 'yar jar tutar da ke kan kekensa tana lilo. Ba zan ɓoye miki ba, wata guda ina kallon tutar nan, har na fara jin haushinta. Ƙafafuwana suna ƙaiƙayi, ni da na taɓa cin tsere sau biyu ina saurayi, yau ga ni ina taka feda kamar mai tsoron ta fashe.

Muna haka sai ga wasu masu keke su biyar, maza huɗu da mace ɗaya, kekunansu sirara, kayansu masu walƙiya. Suka wuce Yaya suna dariya, ɗaya ya sunkuya ya ɗauke shi hoto ba tare da ya tambaya ba. Da ma dariyar ta tsaya a kansa da na ji haushi na tsaya masa. Amma na ga sun haɗa da ni. Ban san lokacin da na sauya giya ba. Na ce wa Yaya zan jira shi a sama, na wuce. Shi numfashi yake nema.

Na kamo su kafin ƙarshen hawan. Suka yi ta tafi, suna shafa waldar kekena, kaina ya kumbura. Ɗayansu, wani mai gilashi, yana jin yaren da muke ɗan karyawa da shi a hanya. Ya ba ni shayi a murfin fulas, sannan ya nuna ƙasa, can inda tutar take kamar ɗigon jini, ya tambaye ni ko tare nake da tsohon nan.

Na ce a'a. Na ce a hanya na gamu da shi, daga ƙasarmu yake, amma ban san shi ba.

Mutumin da ya bi ni gida-gida lokacin neman aurenki. Wanda ya raɗa wa 'yan biyu suna a kunne. Wanda kika riƙe min hannun riga a tasha kika ce amanarsa tana wuyana. Ba a matsa min ba, ba a tsorata ni ba. Murfin shayi ɗaya aka ba ni.

Daga nan suka ce a gangara tare, su ga gudun ƙafa uku. Gangarar kilomita ashirin da biyu ce. Na ce wa raina ai kusan ya iso, gangara kuma ba ta buƙatar kowa. Na riga su duka isa gari. Sai da na sauke jaka a tsakar masauki na ga famfo, na ga faci, na ga babbar jarkar ruwanmu. Duk suna wurina. Duk da haka na zauna.

Nan ne wurin da ya fi min ciwo. Awa ɗaya ta wuce, biyu ta wuce. Wayarsa ba ta shiga. Na san abin da ya kamata in yi, in nemi mota in koma. Amma suna zaune kewaye da ni a kan benci, an kawo lemo, ana tambayata yadda na lanƙwasa ƙarfen. In na tashi a rikice saboda mutumin da ban sani ba, me zan ce musu? Saboda kada baƙi biyar da ba zan sake gani ba su gane ƙaryata, na ƙara awa biyu a zaune.

Shi kuwa, wata 'yar waya ce ta huda tayar gaba ta dama, saura kilomita uku ya kai sama. Babu famfo, babu inuwa, ruwansa rabin gora. Ya jira ni har ya gane ba zan dawo ba. Sai ya ciro igiyar tanti, ya ɗaura a ƙugunsa, ya ɗaura a keken, ya riƙa ja yana jan ƙafar hagu. Direban madarar da ya tsince shi ya nuna min da hannu yadda ya gan shi, ya sunkuya kamar mai noma. Shi Yaya bai gaya min wannan ba.

Bayan la'asar motar ta tsaya a ƙofar masauki. Aka sauke keken, aka sauke shi. Leɓɓansa sun tsage, rigarsa ta yi fari da gishirin gumi. Mutanen nan suka tashi suna tafa masa. Kafin in motsa, mai gilashi ya kama shi ya kawo shi gabana, yana masa albishir cewa ga ɗan ƙasarsu, wanda ya ce sun gamu a hanya.

Yaya ya dube ni. Ba daɗewa ya yi ba, amma na ga ya gane komai. Sai ya miƙo min hannunsa mai lafiya, wanda igiya ta saluɓe, ya gaishe ni da harshenmu gaisuwar baƙo. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni mutanen gida. Ni ya tambaya mutanen gida, Maman 'yan biyu. Sannan ya juya yaren da suke ji, ya ce ko bawan Allah yana da famfo ya ara masa.

Na durƙusa na yi masa facin a gabansu. Matar ta ɗauke mu hoto. Suka yi ta yaba min, wai haka ake son matafiyi, ya taimaki wanda bai sani ba. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma siminti ne.

Ban san da wane ido za ki karanta wannan ba. Na dai gaji da jin kina min godiya a waya.

Naki, in har kin yarda,
Baban 'yan biyu


Rana ta arba'in da huɗu

Maman 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, Inna da yara da ke kanki. Ban sani ba ko takardata ta biyu ta iso. Muryarki a waya ranar Asabar ba ta nuna min komai ba, kuma ban iya tambaya ba.

Da Yaya ya zage ni da na samu sauƙi. Bai yi ba. Har yanzu in ya ɓare lemo sai ya miƙo min rabi. Amma a gari na gaba ya shiga shagon kekuna shi kaɗai, ya fito da ƙaramin famfo da kwalin faci da ƙarafan cire taya. Ya zuba a jakarsa, bai dube ni ba. Maɓallin hannun rigarsa na dama, wanda ni nake ɓalla masa kowace safiya tun da muka taso daga gida, yanzu naɗe hannun rigar yake yi.

Kullum da safe kafin mu tashi sai ya cire tayar da lafiyarta ƙalau, ya matse ta tsakanin gwiwoyi, ya yi ta fama. Yana buɗe sholisho, gam ɗin faci, da haƙori. Ƙarfen ya kuɓuce ya buge shi a haɓa, ya ɗauka ya sake. In na matso sai ya ce in sha shayina kada ya huce. Shekara ashirin da shida ina faci, ban taɓa sanin kallonsa yana da wuya haka ba.

Na ba shi haƙuri, har da hawaye, a bakin wata gada. Ya ce ya yafe tun a motar madara. Abu ɗaya kawai ya tambaye ni: a cikin kwana talatin da na yi a bayansa, kwana nawa na yi ina jin kunyar a gan ni da shi? Na buɗe baki in ce ko ɗaya, na tuna ƙarya ce ta kawo mu nan. Ya gyaɗa kai, ya ce mu tafi rana tana yi.

Shekaranjiya ya yi facin gaske, tayar baya, mai wuyar. Na tsaya a gefen titi da jakar kayan aiki a hannu, ba a nema ba. Awa ɗaya da minti arba'in ya yi. Da ya buga iska tayar ta tsaya, ya yi wata dariya da rabon da in ji ta tun kafin ciwonsa. Na taya shi murna, Allah ya sani da zuciya ɗaya, ko da yake na san abin da ke tafe.

Jiya ya faɗa. Ya ce in koma gida, shago yana jirana, sauran kilomita ɗari takwas zuwa bakin teku zai ƙarasa shi kaɗai. Ba cikin fushi ba. Ya ce a kan dutsen nan, da igiya a ƙugu, ya sha wuyar da bai taɓa sha ba, amma ranar ce ta farko cikin shekara uku da ba wanda ya riƙe masa gwiwar hannu. Ya ce gara ya yi tafiyarsa a hankali shi kaɗai da ya riƙa jin numfashin mai haƙuri da shi a ƙeyarsa. Na roƙe shi, na kawo maganarki, na kawo maganar Inna. Ya ce ke zai kira ki da kansa idan ya yi nisan da ba za ki sa a dawo da shi ba.

Na duba masa birki da sarƙa, wannan ya bari. Na sa masa babbar jarkar, na rubuta sunan magungunansa na liƙa a cikin jaka. Yau da hantsi ya tafi. Titin miƙaƙƙe ne, kuma kin san tafiyarsa, na fi rabin awa ina hango shi. Bai waiwayo ba, amma kujerar ba ta barin mutum ya waiwaya, da wannan nake lallashin kaina.

Na kwance kekena na ɗaure a buhu biyu. Na aiko wannan ta hanya mai sauri don ta riga ni, saboda ba na so ki ji a bakin ƙofa. Ba na neman ki tare ni da fara'a, kuma duk abin da kika faɗa min na cancanta. Ranar Juma'a zan iso in Allah ya yarda. Na san in kin buɗe ƙofa ba ni za ki fara duba ba, bayana za ki leƙa. Kada ki leƙa. Ni kaɗai ne.

Mijinki,
Baban 'yan biyu