Na Goge Muryar Baba

Zuwa ga Yaya Sufyanu, Batsari.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da Gwaggo. Yaya ƙafar Inna? Ni a nan Alƙahira lafiya lau, karatu na tafiya, sai dai mako biyu ke nan ba ni da sukuni.

Kwamfutar da ka ba ni ta tsufa, manhajar da ke tafiyar da ita ta yi mata nauyi. Wata 'yar ajinmu ta ce, "Hafsatu, ki koma Linux, kyauta ce." Na koma. Yanzu tana sauri, amma komai ya sauya wuri, firinta ma kwana uku na yi ina fama da ita.

Wannan duk mai sauƙi ne. Wajen sanya manhajar na danna inda bai kamata ba, na goge komai. Yaya, har da muryar marigayi Baba da na ɗauka yana faɗin iyakokin gonarmu ta Wagini, kafin 'yan bindiga su tashe mu. Masu gyara biyu na kai wa, duk sun ce ba ta dawowa. Haushin kaina ya ishe ni.

Don Allah ka duba tsohuwar wayarka, ko na taɓa tura maka muryar. In babu, ka zaunar da Gwaggo ka ɗauki bayaninta, ita kaɗai ta rage da ta san inda gonar ta tsaya. Kada ka gaya wa Inna tukuna. Na yi mata alkawarin in na dawo zan kunna mata ta ji shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya.

Ƙanwarka,
Hafsatu