Ƙarar Da Na Ji A Bangon Gidanku

Zuwa ga Mulikatu, sanyin idona, ruwan farko na damina, inuwar da nake nema idan ranar unguwar Nima ta tsaya a tsakar kai. Aminci ya sauka a gadon da kike kwance.

Ki yi haƙuri da munin rubutun nan, da hagu nake yi. Hannun dama ya karye wuri biyu.

Kin tuna Asabar ɗin da Hajiyarku ta aiko a kira ni, ta ce bangon banɗaki na bugawa kamar ana daka? Yayanki Seidu ya ce iska ce kawai a bututun ruwan zafi. Na buɗe kowane famfo don iskar ta fita, ƙarar ba ta daina ba. Na bi bututun da tafin hannu ko wani wuri ya kwance yana dukan bango, ban samu ba. Sai na ɗora bakin sukudireba a jikin hitar dumama ruwa, na kafa kunne a ƙotarsa, sannan na miƙa miki. Kika matso har gefen mayafinki ya shafi wuyana, ƙamshinki kamar ƙasar da ta sha yayyafi. Kika ce, "Razak, wannan ai tukunya ce a kan wuta."

Kin fi ni saurin ganewa. Abin da ke yanke wuta idan ruwa ya yi zafi ya mutu. Ɗan bawul ɗin da ke tofar da ruwa idan tururi ya yi yawa kuma an toshe shi da ƙusa, don yana ɗiga a kan sabon tayil. Yaya Seidu ne ya toshe. Da na faɗa masa a gaban abokansa, ya ce shi da ya yi shekara tara a Jamus ba yaron unguwar Maamobi kamar ni ne zai koya masa hita ba. Na kashe makunni, na ce kada a kunna sai na kawo kaya ranar Litinin.

Ga laifina, ki ji shi daga bakina. Filaya na cikin aljihuna. Da na datse wayar, da magana ta ƙare. Ban datse ba, don ina shirin turo manyana neman aurenki, ba na son in kunyata yayanki. Na tsare masa fuska, na bar ki da wuta.

Da safiyar Litinin ina bakin lungunku, sabon bawul a jakata, na ji fashewar, na ji ihunki. Ashe Yaya Seidu ya kunna hitar, ke kuma kin shiga ɗibar wa Hajiya ruwan wanka. Ya fito yana nuna ni, yana cewa ni na taɓa hitar. Mutanen lungu suka rufe ni da katako, da bulo, da bencin mai koko. Wani ya taka hannuna har na ji ƙashin ya ce ƙas. Haƙora biyu na tofar a kwata. Ina kwance cikin ruwan kwatar nan na ga an fito da ke a zanen Hajiya, fatar hannunki na saɓulewa. Wane duka ne ya kai wannan? Me ya sa ba su ƙarasa ni ba kafin in gani?

Jiya na ɗauki babbar sifana da hagu na nufi gidanku, niyyata in raba kan Yaya Seidu biyu. Na same shi zaune a matakala, ƙusar nan a tafinsa. Ya gan ni, bai tashi ba, ya sunkuyar da kai. Na ɗaga hannu. Wallahi na ɗaga. Sai na wuce shi na shiga banɗakin, na yi ta dukan hitar har ta faɗo daga bango. Ban yafe masa ba. Na bar shi ne don nono ɗaya kuka sha.

Ƙanwarki Fauzia ta ce kin nemi madubi, kin ga ƙunar daga wuya zuwa wuyan hannu, kin ce a hana ni shiga, in nemi wata. Wace wata, farin watana? A ina ake samun ta? Ko kin zaci fata na biyo? Ki kore ni don ban datse wayar ba, zan sunkuya in karɓa. Amma kada ki kore ni don tabo. Tabon nan da hannuna a ciki, ki bar ni in zauna kusa da shi, in shafa masa magani, in yi masa fifita har tsufa.

Kawu Ganiyu zai kai goro gidanku ranar Juma'a, ya riga ya sayo. Na roƙe shi kada ya ɗaga ko kwana ɗaya. Ni kuma ina bencin da ke ƙofar ɗakinku a asibiti, tun hantsi har a sallami masu dubiya. Ma'aikatan jinya sun gaji da korata. Idan ba ki iya magana, ki turo Fauzia ta ce mini in shigo.

Naki a yau, naki ranar da za a kwance bandejin, naki har a sa ni a ƙasa,

Razak