Tafin Hannun Babanki

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Na rubuto ne don a waya kina katse ni. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girma na koya.

Tun da kika tafi da Babanki asibitin garinku hankalina bai kwanta ba. Hannu kuka kai, tafin nan da ya yi kauri ya yi tsaga-tsaga kamar tumbin akuya. To me ya kawo zancen zura masa roba ta maƙogwaro? Ni dai Dogo nake zargi, abokin aikinsa a shagon aski. Shi ke sayo musu sabulu, ga nasa hannun sumul. Kuma ya daɗe yana hangen kujerar Babanki ta bakin taga. Ki gaya wa likita.

Allah ya yi miki albarka.
Mamanki

Mama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Baba yana gaishe ki.

Don Allah ki ƙyale Dogo. Likita ta ce ba sabulu ba ne. Irin wannan kaurin tafi ba a cika ganinsa ba, kuma wani lokaci daga ciki yake tasowa, shi ya sa suke dubawa. Sakamako bai fito ba. Ki riƙa cin abinci.

Taki,
Auta

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Bai fito ba, ko?

Jiya Dogo ya zo gida da kansa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kasa kallon idona. Wai Babanki ya kira shi ya ce in ba shi almakashinsa da askarsa. Mutumin da ko ƙanensa bai taɓa ara wa almakashin nan ba! Na shiga ɗaki in ɗauko, sai na ga wandunansa da na yi ta rage wa ƙugu ina cewa zafin aiki ne. Na zauna a bakin gado, na bar Dogo a durƙushe.

Ni na haife ki. Tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya gajarta magana kike yi. Har Dogo ya san abin da ke damun mijina, ni ban sani ba? Ban ba da kayan ba.

Ina jiran gaskiya. Allah ya shirye ki.
Mamanki

Mama,

Ina gaishe ki, kuma ki yafe mini. Ciwon daji ne a cikinsa, shi ya fito a hannun. Baba ne ya rantsar da ni kada in faɗa. An sa ranar da za a yi masa aiki.

Na ce masa kin gane. Ya juya fuska bango, can ya ce in tambaye ki wace mota za ki shigo.

Taki,
Auta