Farantin da Ya Ɓace daga Shafin Magani

Litinin, 3 ga Maris

Oga ya ba ni aikina na farko ni kaɗai, bayan wata uku ina gyaran launin maɓallan shafukan intanet. Shafin wani ƙaramin asibiti ne: a turo wa majinyaci a waya, ya ga magungunansa, kowanne da 'yar alama a gefe saboda waɗanda ba sa karatu. Rana, wata, faranti in sai an ci abinci. Ya ce, "Kada ki ba ni kunya." Mutumin da ko gaisuwa ya amsa sai ka ji kamar ka yi laifi.

Laraba, 5 ga Maris

Filogin ɗin nan, 'yar manhajar da ke saka alamomi a shafi, akwai daɗi. Inda nake rubuta launi da girma, nan zan rubuta sunan alama, sai ga ta ta fito. Mai Gemu, babbanmu a kod, wato rubutun umarnin kwamfuta, ya ce injin da ke tattara shafin cikakken suna kawai yake gani, abin da bai gani ba ba ya ɗauka. Na ce to. Amma wa zai zauna rubuta suna arba'in? Na sa kod ya riƙa haɗa sunan da kansa, rabi daga nan rabi daga can. Komai ya fito tsaf, har na yaba wa kaina.

Alhamis, 6 ga Maris

Na goge shafin gwajin da na jera alamomin a ciki, don kada a ce ni ƙazama ce. Mai Gemu ya saki aikin da la'asar.

Juma'a, 7 ga Maris

Na biya gidan Goggo, ƙanwar Baba, don a asibitin take karɓar maganin sukari. So nake ta ga aikina ta sa min albarka. Ta miƙo wayar ta ce, "'Yar nan, ranar na gani, watan na gani. Wannan filin fa na mene?"

Babu faranti. Fili fetal.

Rana da wata na rubuta su cikakku a saman shafi, shi ya sa suka tsira. Farantin kuwa a shafin gwajin kaɗai injin yake ganinsa, ni kuma na goge da hannuna. Garin gyaran gira na tsokane ido.

Na ce mata, "Goggo, wannan sai kun ci abinci." Ta ce ai ta sani, shekara shida tana sha. Ita ta sani. Sababbin fa?

Asabar, 8 ga Maris

Gyaran layi uku ne. Ranar Litinin in cusa shi cikin wani aikin, ba mai ganewa. Tun safe nake faɗa wa kaina haka ina wanki. Amma mutum ɗari da goma sha biyu aka tura wa, kuma wanda ya riga ya duba ba zai sake dubawa ba. Sai an kira su ɗaya bayan ɗaya, lambobinsu kuma ba a hannuna suke ba.

Tsoro nake ji. Na kora, na idon Oga, na komawa gida in ce wa Baba na kasa.

Da azahar na kira Oga. Ban san me na faɗa ba, na dai ji bakina yana cewa, "Yallaɓai, ni ce na yi." Ya ce, "Kira Mai Gemu. Ni zan kira Sista a asibitin."

Lahadi, 9 ga Maris

An gyara. Sista, nas ɗin asibitin, ta samu kowa sai wani dattijo sabon kamu, wayarsa a kashe. Ban iya cin komai ba.

Litinin, 10 ga Maris

An same shi. Ranar Asabar ya sha maganin da wofin ciki, jiri ya kayar da shi a bakin shagonsa, ya fasa goshi. Ɗinki huɗu. Sista ta ce da sauƙi, ana iya samun wanda ya fi haka. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka mai isata.

Oga bai kore ni ba. Ya sa na tsaya gaban kowa na bayyana yadda aka yi, muryata kamar ta akuya. Mai Gemu ya ce shi ma da laifinsa, bai buɗe shafin a waya ba bayan ya saki. Ban taɓa jin babba ya faɗi haka ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Yau za a saki shafin alluran yara. Oga na sauri, har ya ɗauki makullin mota. Na ce a dakata, ban gama dubawa a ƙaramar waya ba. Ya kalle ni, ya kalli agogo. Ba wai na daina jin tsoronsa ba ne. Kawai dai ban janye maganar ba.

Ya ja kujera ya zauna. Minti arba'in ya jira ni.