Layin da Baba Ya Ja

Bagwai,
9 ga Nuwamba, 1985.

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Maryam da yara. Yaya Legas? Mu nan da sauƙi, kamar yadda aka koya mana mu riƙa faɗa. Tun farin bara mutane ba su miƙe ba, yanzu kuma ƙyanda ta shigo. Tsohuwar maƙabarta ta cika, an buɗe sabuwa a hayin kwari.

Maganar Baba ce. Ka san shekara arba'in shi yake ja wa masu haƙar kabari layi da sandarsa, don mamaci ya fuskanci alƙibla daidai. Idonsa ya yi yana sosai, amma bai yarda ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Da damina ya ji a rediyo cewa wani Musulmi ya je sararin samaniya. Na zo hutu, sai ya tambaye ni ina mutumin yake duba in zai yi salla. Ni kuma malamar labarin ƙasa, mai digiri, na ɗauko ƙwaryar Inna na kife, na zagaya ta da ƙwallon goruba. Na ce masa gabas da yamma na mazauna ƙasa ne. Wanda yake can yana kewaye duniya cikin awa ɗaya da rabi, rana ta fito masa sau goma sha shida a yini da dare, babu sama babu ƙasa, balle gabas. Na ji daɗin bayanina ƙwarai. Baba ya ce Allah ya jiƙan wannan bawa, ya tashi.

Ranar Talata Mati mai fura ya rasu. Aka riƙo hannun Baba zuwa sabuwar maƙabarta, ya tsaya, ya ja layi. An fara haƙa sai samari suka ce ya karkata, ai ga inda rana ta fito. Suka bar ramin, suka matsa gefe suka haƙa nasu ba tare da sun ce masa komai ba. Sun manta makaho yana jin inda diga take sauka.

Tun ranar bai fita ba. In zai yi salla sai ya kira Inna ta juya masa buzu, shi da yake juya wa gari. Jiya ya ce mini ya shiga samaniyar tawa, inda babu gabas. Ya faɗa yana murmushi, ni ce ban iya murmushin ba.

Kai kaɗai ya koya wa aikin nan. Yana so ka zo ka duba layin, ka gaya masa gaskiya. Ni mace ce, ilmina ya tsaya a bakin kwari. Ka zo, Yaya.

Ƙanwarka,
Hure.

Bagwai,
14 ga Disamba, 1985.

Zuwa ga Yaya Uwaisu,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyyar Baba kamar yadda ka yi mana. Takardarka ta iso ranar sadakar bakwai. Na karanta wa Inna cewa ba a ba ku hutu sai ƙarshen shekara. Ta ce Allah ya yi maka albarka, ka gaida Maryam.

Ka tambayi yadda aka yi. Ya cika bayan sallar asuba, a kan buzun da Inna ta juya masa. Da aka gama wanka, sai dattawa suka tsaya cirko-cirko a zaure, don babu mai jan layi. Samarin ma wannan karon babu wanda ya yi gaba.

Ina da kamfas na makaranta a jaka, mai allurar nan da ke nuna arewa. Na lissafa alƙiblar nan garin, na ɗiga tawada a gefen gilashin, na kira Kawu Sabo bakin ƙofa na nuna masa: ya bari allurar ta natsu, sannan ya bi ɗigon. Ya karɓa da yatsu biyu kamar an ba shi kunama.

Kawu bai yarda da ƙarfe haka kawai ba. Ya fara bi ta tsohuwar maƙabarta, ya gwada shi a kan aikin Baba, ya ga ko ƙarfen ya san abin da yake yi. Kabari goma sha ɗaya ya gwada, duk suka yi daidai. Sannan ya haura kwari, ya aza shi a bakin ramin da aka bari, wanda Baba ya ja wa Mati. Yaya, daidai yake. Na samarin ne ya kauce.

Na san dalili, ina koyar da shi kowace shekara a aji biyu. Alƙiblarmu ba gabas sak ba ce, ta ɗan jingina arewa, rana kuwa a wannan lokaci daga wajen kudu take ɓullowa. Kamfas ɗin yana jakata duk makonnin nan. Na yi ta jiran ka, ban taɓa tunanin in aika da shi ba, domin ni ma na ɗauka tsoho ne ya kuskure.

Amsar da na ba Baba kan mutumin samaniya ma rabi ce. Ko a can sama, Ka'aba tana nan inda take, mutum ne yake yawo. Wannan ya tambaya, ni kuma na ba shi darasi.

Kawu ya ce tunda akwai ramin da aka fara, kuma layinsa mai kyau ne, babu dalilin jan wani. A nan aka sa Baba. In ka zo hutun naka, ba sai ka duba komai ba.

Inna tana gaishe ku.

Ƙanwarka,
Hure.